Ɗan'uwana Ne, Faɗi a Gabansa

Da asubar ranar da ciwon ya kayar da shi, Mai Gashi yana sauke buhunan fulawa daga bayan mota. Ba aikinsa ba ne. Aikinsa bakin tanda: ya hura wuta, ya jira ta kwanta, ya zura gwangwanayen burodi da doguwar sandar nan mai faffaɗan kai, ya fito da su kafin su yi baƙi. Amma masu dako ba su zo ba, Direba kuma ya ce bayansa na ciwo, ya jingina da ƙofar mota yana ba mu labarin wani ɗan sanda da ya tare shi. Mai Gashi ya ɗora tsumma a kafaɗa ya fara jida.

Don shi ke gashin burodi muka sa masa sunan. Kansa kuwa ko sili babu, sai sheƙi kamar bayan cokali. In baƙo ya zo neman Mai Gashi aka nuna masa shi, sai ya ɗauka ba'a ake yi masa.

Ni mai kwaɓi ne a gidan burodin, na riga kowa zuwa, shi ya sa suke ce mini Tsoho. Na ga ma'aikata iri-iri sun zo sun wuce, kuma tuntuni na daina auna mutum da bakinsa. Mai Gashi na cikin 'yan kaɗan da na yarda da su. Da bayan hannu yake gane zafin tanda. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗora wa wani laifin burodin da ya ƙone ba. Abu ɗaya ne ba ya yi: in an tashi, kowa ya tuɓe a bakin famfon bayan gida yana wanke fulawa, shi sai ya jira kowa ya watse. Mun san yana da ƙaba, yana ɗaure mararsa da wani ƙyalle a ƙarƙashin wando. Wannan ba labari ba ne, rabin masu ɗaukar kaya suna da ita. Mun ɗauka ita yake ɓoyewa.

Direba kuwa Mai Gashi ne ya kawo shi. Ya same shi ba aiki bayan ya kifar da motar wani, ya kai shi gaban Alhaji mai gidan burodin, ya tsaya masa. Kafin Direba ya yi aure, a ɗakin Mai Gashi yake kwana, a kwanonsa yake ci. Ba su haɗa komai ba, ko gari, amma Yaya Direba yake ce masa. "Yaya, ranar da ka mutu a haƙa rami biyu." Kullum sai ya faɗi irin wannan. Ni dai ban taɓa ganin ya ɗauke masa ko gwangwani ɗaya ba.

A tsakiyar jidar Mai Gashi ya ajiye buhu a hankali, ya durƙusa, ya riƙe mara. Gumi ya karyo masa. Ya ce a ba shi minti ɗaya, zai tura ƙabar ta koma kamar kullum. Ba ta koma ba. Ya fara amai. Muka kinkime shi muka shimfiɗa a bayan motar burodi. A faɗi gaskiya, ranar Direba ya yi tuƙi. Hannunsa bai bar hon ba har ƙofar asibiti.

Likitar mace ce, gajeriya, mai tabarau. Mai Gashi yana murƙususu amma ya damƙe tazugen wandonsa da hannu biyu.

Na ce masa, "Kai, saki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Aka ja labule. Labule kuma ido yake tarewa, ba kunne ba. Na ji likita ta ce, "Malam, ɗayan fa? Ɓangaren hagu babu komai."

"Haka aka haife ni. Tsohuwa ta ce zai sauko."

"Shekarunka nawa?"

"Na kusa arba'in."

"To, lalle ya daɗe a hanya."

Daga nan na ja baya zuwa bakin ƙofa, don abin da ba a kira ni in ji ba, ba nawa ba ne. Direba ya tsaya inda yake. Sauran abin da zan faɗa na cikin asibiti, Mai Gashi ne ya gaya mini da bakinsa daga baya, lokacin da ba sauran abin ɓoyewa.

Likita ta lalubi kumburin dama ta ce tana jin abu biyu inda ya kamata ta ji ɗaya. Aka goga masa na'urar hoton ciki, hoto ya tabbatar. Ƙwayar marainansa ta hagu da ya yi shekara kusan arba'in yana jiran saukowarta, ashe tana nan, a dama, kusa da 'yar'uwarta. Hanji kuma ya sarƙe a hanyar, ba a iya jira. Kafin rana ta yi tsaka an shiga da shi tiyata.

Matarsa ta iso ana cikin aikin. Tela ce, a gida take ɗinki. Ta zo da tef ɗin awo a wuya, ba ta ma san da shi ba. Sun daɗe da aure, ba haihuwa, ko ɓari. Duk shekarun nan ita ake kallo. Uwar mijin ta shayar da ita saiwoyi masu ɗaci har ta rame, in an taru kuma sai ta yi habaici a kan kazar da ke ci ba ta ƙwai. Tela ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta zauna a benci ranar, tana naɗe tef a yatsa tana warwarewa, har aka fito da shi.

Washegari da hantsi mu uku, ni da Tela da Direba, muna gefen gadonsa, likita ta zo. Ta ce tana so ta yi masa bayanin abin da ta gani, kuma magana ce ta iyali. Na miƙe. Tela ta gyara zama. Sai Mai Gashi ya dube ta, bai haɗa ido da ita ba, ya ce, "Je ki nemo mini ruwan zafi."

Akwai ruwan zafi a filas a kan durowa. Ta kalli filas ɗin, ta ɗauke shi, ta bi bayana.

Likita ta nuna Direba. "Wannan fa?"

"Ɗan'uwana ne. Faɗi a gabansa."

Nan aka yi kuskuren. Ita likita ta ji ɗan'uwa, ta ɗauka ciki ɗaya. Mu kuwa wannan kalma kamar roba take a bakinmu, tana miƙewa ta ɗauki maƙwabci, ta ɗauki wanda kuka hau mota tare. Shi kuma kunya ce ta rufe masa ido. Ya ga maganar ƙasan cibiya ce, gara namiji ya ji da mace ta ji, ko da macen ita ce ta wanke masa amai a daren jiya.

Likita ta yi bayani da yatsunta biyu. Ta ce ƙwayoyin nan a can sama cikin ciki ake halittarsu, kafin a haifi yaro kowace ta bi hanyarta ta sauko jakarta. Tasa ta hagu ta ƙetare ta bi hanyar dama. Biyu a hanya ɗaya, hanya ta buɗe, hanji ya biyo, shi ne ƙabar. Ta ce abu ne da ba kasafai ake gani ba, ita ma sai a littafi ta san shi. Ta mayar da hanji, ta toshe ramin da raga, ta huda bangon da ke tsakiyar jakar ta ratsa da ta hagun zuwa ɗakinta, ta ɗinke ta don kada ta koma.

Sannan ta ce akwai saura. A tsakanin igiyoyin ƙwayoyin biyu ta tarar da wata tsoka, ba ta fi babban yatsa ba. Ta ce kowane ɗan tayi da kaya biyu yake farawa, na maza da na mata. In namiji ne, na matan sai ya narke. Nasa bai gama narkewa ba. Da a jikin mace ne, wannan tsokar ce za ta zama mahaifa. Ta cire abin da ke ciruwa ba tare da ta yanke hanyar maniyyi ba.

"Kai namiji ne, Malam. Babu tantama a wannan. Ka ji ni? Namiji ne kai."

Sau biyu ta faɗa. Ta ce ban da ɗaukar kaya mai nauyi sai ta ba da izini. Ta ce dole ya riƙa dawowa ana dubawa, don ƙwayar da ta daɗe ba a mazauninta ba takan iya rikiɗewa ta zama ciwon daji. Da ya tambayi maganar haihuwa, ta ce mai yiwuwa daga nan matsalar take, za a yi gwaji in ya warke, amma ba ta yi masa alkawari.

Direba ya fashe da kuka. Ya kama hannunsa ya ce, "Yaya, cikina rijiya ce. Abin da ya faɗa ya faɗa ke nan."

Motar burodi kuwa kowace safiya sai ta zaga gari. Shagunan unguwa, masu shayi, bakin tasha, ƙofar makaranta. Ba a kai ga cire zaren ɗinki ba, na tsaya shan shayi a wani wuri da ba a ma san ni sosai ba, mai shayin ya sunkuyo ya ce, "Baba, ba a gidan burodin nan kake ba? Da gaske an ciro wa mai gasa muku mahaifa?"

Labarin ya iso da ɗuminsa, amma rabinsa ya zube a hanya. Ba wanda ya ji cewa likita ta ce namiji ne. Ba wanda ya ji zancen hanji ko ciwon daji. Kalma ɗaya ce ta yi ƙafa: mahaifa.

Na samu Direba yana goge gilashin mota.

"Kai, me ka yi?"

"Me na yi, Tsoho?"

"Wa ya kai wa mai shayin bakin gada maganar Yayanka?"

"Wallahi ban san shi ba ma. Mutum ɗaya tak na gaya wa, shi ma don ya taya mu addu'a."

"Addu'a ake yi da dariya?"

"To ni na ce su yi dariya? Kuma ƙarya na yi? Ba a gani ba? Ni ban ce mace ba ne, na ce dai an ga abin."

"Ka gaya musu likita ta ce namiji ne?"

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas.

Ban ce mugu ba ne. Da mugu ne da an san inda za a tsare shi. Mutum ne da ba ya iya zama da labari mai daɗi a ciki, kamar mai gudawa. Ya ga ido ya dawo kansa, an matso, an ƙara masa madara a shayi, shi ke nan. Mutuncin wanda ya tsaya masa bai fi haka ba.

Da la'asar ɗin ranar na je duba Mai Gashi a gida, don an riga an sallame shi. Ɗaki ɗaya ne da falo, keken ɗinki a gefen taga. Yana kwance a doguwar kujera. Tela na zaune a gaban keke, ƙafarta a kan feda, ba ta takawa. Na yi sallama, ta amsa, ba ta kawo ruwa ba. Ban taɓa zuwa gidan ba a kawo mini ruwa ba.

Ta ce, "Baba, gara da ka zo. Kai ka ga lokacin da aka aike ni neman ruwan zafi."

Na ce na gani.

"Yau ina auna wata mata, tef na a ƙugunta, ta ce mini, 'Sannu da haƙuri, ashe ku biyu duk mata ne a gidan.' A bakinta na ji, Baba. A bakin mai kawo ɗinki."

Mai Gashi ya ce, "Na yi niyyar gaya miki in na ji sauƙi."

"Ni ka fitar, shi ka bari."

"Kunya na ji."

"Kunya. Shekara nawa ina ganin jikinka? Na taɓa kai wa wani? Na taɓa gaya wa ko yayata cewa gefe ɗaya babu? Ka ce mini ba komai ba ne, na yarda. Tsohuwarka ita ta yi maka wanka kana jariri, ta sani sarai. Ta zauna tana kallo ina shan ɗaci, tana kirana juya."

Ya juya fuska bango, na ga kafaɗarsa na rawa. Na ajiye burodin da na kawo na fita.

Da ya samu ƙarfi ya dawo aiki. Na so a ce ya ƙara kwanaki, amma mai iyali ba ya zama. Ya shigo da asuba, yana tafiya a hankali, ya rame. Masu yankan kwaɓi suna bakin tebur. Wani mai baki a cikinsu ya ɗaga hannu biyu sama.

"A'a! Barka da sauka lafiya! Me aka samu?"

Wuri ya ɓarke da dariya. Wani ya ce a kawo wa mai jego kujera. Wani ya ce a'a, a bar shi kusa da wuta, mai jego na son ɗumi. Na ɗaga muciyar kwaɓi na ce duk wanda ya ƙara, da ita zan auna bakinsa. Suka yi shiru, irin shirun da dariya ke motsi a ƙarƙashinsa. Waɗannan fa mutane ne da ya koya wa aiki, wasu ya rufa musu asiri a gaban Alhaji ba sau ɗaya ba.

Alhaji ya zo, ya yi masa sannu da gaske. Ya ce ya ji likita ta hana shi aikin ƙarfi, kuma gwangwanaye cike suna da nauyi, don haka ya bar tanda tukuna, ya zauna a ɗakin ɗaurin leda har ya warware. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na tabbata. Amma ɗakin ɗaurin leda mata ne zalla a ciki. Na ga wuyan Mai Gashi ya ƙame. Ya ce to. Ya shiga, ya zauna a ƙarshen benci, ya ɗaure burodi har rana ta fito. Matan ba su ce masa komai ba, sun fi mazan hankali. Amma duk wanda ya wuce ƙofar sai ya leƙa.

Direba ya dawo daga zagayen farko ya same shi a tsakar gida yana wanke hannu. Ya matso yana murmushi, hannu a ƙirji.

"Yaya! Ka dawo ba ka gaya mini in ɗauko ka ba?"

Mai Gashi ya ci gaba da wanke hannu.

"Yaya, in maganar nan ce, wallahi tallahi mutum ɗaya na gaya wa. Don addu'a."

"An gode. Addu'a ta zaga gari."

"Haba Yaya, wasa ne fa mutane ke yi. Kwana biyu za su manta."

"Matata ma za ta manta?"

"Zan je in ba ta haƙuri."

"Kada ka taka ƙofata." Ya yarfe ruwan hannunsa. Muryarsa ba ta tashi ba. "Kuma ka nemi wani sunan. Uwata ba ta haife ka ba. Ni ne na yi wa likita ƙarya."

Mai Gashi bai dawo washegari ba. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a gaya mini zai tashi. Wani ɗan'uwan Tela, na jini wannan karon, ya samo masa aikin gadi a wani gari mai nisa inda ba wanda ya san shi.

Na je da safe bayan na tashi aiki. Babbar mota na ƙofar gida, an ɗora gado da katifa da buhunan tufafi. Tela ta riga ta shiga gaba, ta lulluɓe, tana kallon titi. Ta gaishe ni ta taga. Ba ta bar shi ba, amma ban ga ta dube shi ko sau ɗaya ba.

Na ja shi gefe na ce, "Komawa wurin likita fa? Ta ce dole."

"Asibitin da har masu shara sun san labarina?"

"Ba daga asibiti ya fita ba, ka sani. To ko a can inda za ka, ka nemi wani likitan. Ka gaya masa komai. Ciwon daji ba ya jin kunya."

Ya ce, "Tsoho, na gaya wa mutum komai sau ɗaya."

Sai ga motar burodi ta tsaya. Direba ya fito da idanu jajaye. Saura keken ɗinki kaɗai a bakin ƙofa, irin mai ƙafar ƙarfen nan da ƙarti biyu ke ɗauka suna nishi. Direba ya naɗe hannun riga, ya kama gefe ɗaya. A iya sanina, karo na farko ke nan da ya kai hannu ga kayan Mai Gashi.

"Kama can, Tsoho, mu ɗora wa Yaya."

Mai Gashi ya ce, "Cire hannunka."

"Haba, likita ta ce..."

"Ka ji abin da likita ta ce da kyau, na sani. Cire hannunka."

Direba ya saki. Na matsa zan kama, masu lodi ma suka matso, ya ɗaga mana hannu. Ya sunkuya ya rungumi keken, ya ɗaga shi shi kaɗai. Jijiyar wuyansa ta fito, ƙafarsa na karkarwa. Na ce, "Kai, ɗinkin!" Bai saurare ni ba. Ya taka zuwa bayan motar, ya ɗora, ya tura shi ciki. Ya daɗe a tsaye, goshinsa a jikin ƙarfen mota. Sannan ya hau da ƙyar, ya zauna a kan katifa ya ba mu baya, ya danne mararsa da hannu biyu, ya buga jikin motar da gwiwar hannu a tafi.